Ciwon Karkarwa: Maganinsa, Abincin Mai Shi, Da Hukuncin Ibadarsa

 

Darasinmu na wannan mako ya shafi wata cuta ce da take kama dattawa galibi, wadda rashin saninta yakan sa a zalunci masu ita ba da nufi ba. Ita ce cutar da likitoci ke kira Parkinson, Larabawan wannan zamani kuma suke ce mata ash-shalalur ra'ash, watau shanyewar jiki mai tafe da makyarkyata. Kalmar ta fito ne daga ra'asha, ma'ana ya yi rawar jiki, kuma tun a zamanin da Ibn Sina ya yi magana a kan rawar gaɓoɓi a cikin littafinsa Al-Ƙanun. Mu dai a nan za mu kira ta ciwon karkarwa. Sai dai duka sunayen nan biyu, na Larabci da na Hausa, ba su cika ba, domin ba shanyewa ba ce ta haƙiƙa, kuma ba kowane mai ita ne yake karkarwa ba. Ƙarfin gaɓa yana nan, umarnin da ke zuwa mata daga ƙwaƙwalwa shi ne yake jinkiri.

Wanda ya fara siffanta ta filla-filla wani likita ne na birnin Landan, James Parkinson, a shekarar 1817, bayan ya lura da mutum 6, waɗansunsu ma a kan titi kawai ya gan su. Daga baya wani babban likitan Faransa, Charcot, ya sa wa cutar sunan mutumin, saboda shi ma bai gamsu da kiranta shanyewa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 masu fama da ita sun haura mutum miliyan 8.5. Ta fi kama waɗanda suka wuce shekara 60, ko da yake akan sami wanda ta kama kafin ya kai 50, kuma ta fi yawa ga maza. Wanda jama'armu suka fi sani cikin masu ita shi ne ɗan damben nan Muhammad Ali, Allah ya jiƙansa, wanda ya ziyarci Nijeriya a 1964. An gano masa ciwon a 1984, bai rasu ba sai a 2016, watau ya yi shekara 32 tare da shi. Wannan ya isa ya nuna cewa ba cuta ba ce da za a naɗe tabarmar mutum ranar da aka ambata masa sunanta.

Yadda take farawa kuwa, sau da yawa hannu ɗaya ne zai riƙa rawa alhali mutum yana zaune bai sa shi aiki ba, babban yatsa yana gogar manuniya kamar mai jan carbi, in ya miƙa hannun zai ɗauki wani abu sai rawar ta lafa. Sa'an nan jiki ya yi nauyi, gaɓoɓi su sanƙare, taku ya gajarta, mutum ya daina kaɗa hannu ɗaya in yana tafiya. Murya takan yi ƙasa, fuska ta daina nuna fara'a ko ɓacin rai, har iyali su zaci fushi yake yi da su. Mu malamai muna da wata alama da ta fi kusa da mu: rubutu yakan ƙanƙance, a fara layi da manyan baƙaƙe a ƙare shi da 'yan mitsi-mitsi. Kafin duk waɗannan, da shekaru ma, waɗansu sukan daina jin ƙanshi, ko su yi ta fama da taurin ciki, ko su riƙa naushi da ihu cikin barci. Amma ba kowace rawar hannu ce wannan ciwo ba. Akwai wadda sai an ɗauki moɗa ko cokali take tasowa, akwai wadda waɗansu magunguna ke jawowa, don haka likita ne kaɗai zai rarrabe, musamman likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri.

Asalin abin shi ne, a can cikin ƙwaƙwalwa Allah ya halicci waɗansu ƙwayoyi masu fitar da wani sinadari da ake kira dofamin, wanda shi ke sa motsi ya zo da sauƙi a lokacin da aka nufe shi. A wannan ciwo ƙwayoyin nan suna mutuwa ne sannu a hankali, kuma kafin alamu su bayyana an riga an yi asarar kaso mai yawa daga cikinsu. Tsufa yana da hannu a ciki, gado yana da hannu ga kaɗan daga cikin masu ciwon, kuma bincike ya nuna alaƙa tsakaninsa da daɗewa ana cuɗanya da waɗansu magungunan feshi na gona. Ba sammu ba ne, ba jifa ba ce, ba kuma a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko musafaha. Wanda ya ɗora wa kishiya ko maƙwabci alhakin wannan ciwo ya haɗa wa kansa abu biyu, zunubin zato da jinkirin magani.

Har yanzu ba a sami abin da ke warkar da shi ɗungurungum ba. To, a nan ne wani zai ce, in haka ne mene ne amfanin wahala? Amsa ita ce, ya tabbata a cikin Buhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu babu cutar da aka saukar ba tare da maganinta ba, a wata ruwaya ta Imamu Ahmad kuma aka ƙara da cewa akwai masu sanin maganin akwai waɗanda ba su san shi ba. Rashin sanin waraka a yau bai hana amfani da abin da aka sani ba. Abin da yake mayar wa mutum da ikon ɗaura zariyar wandonsa, ya kai loma bakinsa, ya taka zuwa masallaci, magani ne ko da bai tumɓuke cutar ba. Tawakkali kuwa ba a taɓa fassara shi da barin sababi ba.

Babban maganin shi ne wanda ake kira lebodofa, wanda in ya isa ƙwaƙwalwa yake juyewa ya zama dofamin ɗin da aka rasa. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, shi ya buɗe wannan ƙofa da bincikensa a 1957, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a shekarar 2000, sa'an nan George Cotzias a Amurka ya nuna yadda za a ba marasa lafiya shi ta baki ya yi aiki a 1967. Ana haɗa shi da wani sinadari na biyu mai hana shi lalacewa a hanya, mai kuma rage tashin zuciya, kuma a kantin magani za a same shi da sunaye irin su Sinemet da Madopar.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe da kyau shi ne sha'anin lokaci. Wannan magani ba ya daɗewa a cikin jini, cikin 'yan sa'o'i ƙarfinsa yake raguwa, shi ya sa ake shansa sau 3 ko 4 a yini, wani ma fiye. A shekarun farko jiki yakan yafe ɗan jinkiri. Amma in ciwon ya daɗe, jinkirin rabin awa ya isa ya sa dattijon da ya tafi kasuwa da ƙafarsa da safe ya kasa tashi daga kujera da hantsi. Musulmi bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba, shi da aka hore shi tun yana yaro da cewa kowace salla tana da lokacinta, ba a yin Azahar da Asuba don gudun mantuwa, ba a kuma tara biyar a yi su da dare. Haka ƙwayar nan take. Wanda ya manta ta ƙarfe 10 ba zai haɗiye biyu da ƙarfe 2 ya ce ya rama ba. Sai dai a kula, na kawo salla ne don misali, ban ce a ɗaura shan magani a kan kiran salla ba, gama tazarar da ke tsakanin Asuba da Azahar ta ninka wadda ke tsakanin Magariba da Lisha sau da yawa, alhali maganin tazara madaidaiciya yake so. A bi sa'o'in da likita ya rubuta, a sa wayar hannu ta riƙa ƙara in lokaci ya yi, a kuma wakilta mutum ɗaya tak a cikin gida ya zama shi ke kula, don abin da aka bar wa kowa babu mai yin sa.

Haɗari mafi girma shi ne yanke maganin farat ɗaya, ko don ya ƙare, ko don wani ya zo da nasa ya ce a ajiye na asibiti. Wannan yana iya jawo zazzaɓi mai tsanani da sanƙarewar jiki da gushewar hankali, har ya kai ga halaka. Saboda haka a riƙa sayen na gaba tun na hannu bai ƙare ba. Na san maganin yana da tsada, kuma ba a kowane gari ake samunsa ba. To, 'ya'ya su sani wannan yana cikin ciyar da iyaye da ya wajaba a kansu in iyayen ba su da hali, yana kuma gaba da ragon Layya da kuɗin Umra. In an kwantar da mai ciwon a asibiti saboda wata larura dabam, a gaya wa ma'aikatan jinya sa'o'in maganinsa tun ranar farko. A kuma sanar da kowane likita ko mai kantin magani cewa yana da wannan ciwo, domin waɗansu magungunan amai da jiri, kamar Plasil da Stemetil, da waɗansu na taɓin hankali kamar Largactil, suna tsananta shi ƙwarai.

Bayan shekaru ana sha, waɗansu sukan fara wani irin motsi na murɗe-murɗe da ba su nufa ba, ko ƙarfin ƙwaya ya riƙa ƙarewa kafin lokacin ta gaba. Wannan ba dalilin dainawa ba ne, dalilin komawa ga likita ne ya gyara awo ko ya ƙara wani magani. Akwai kuma Artane, wanda ya yawaita a ƙasarmu saboda arha. Yana rage rawar hannu, amma ga tsofaffi yakan kawo ruɗewa da mantuwa da bushewar baki da wahalar fitsari. Wani rukunin magungunan kuma, masu kwaikwayon aikin dofamin, sukan sa waɗansu mutane su faɗa caca, ko ɓarnar dukiya, ko sha'awa da ta wuce kima. In iyali suka ga dattijon da aka sani da kamun kai ya sauya hali bayan an sauya masa magani, kada su yi gaggawar cewa ya lalace, kada kuma kunya ta hana su gaya wa likita. Sau da yawa rage maganin kaɗai yake mayar da mutum yadda aka san shi.

Game da abinci, babu wani nau'i da aka haramta wa mai wannan ciwo, amma akwai tsari. Sinadarin gina jiki da ke cikin nama da kifi da ƙwai da madara da wake da gyaɗa, hanya ɗaya yake bi da lebodofa daga hanji zuwa jini, daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, sai su yi ta cunkoso kamar jama'a a ƙofar masallacin Juma'a. Wanda ya kora ƙwayarsa da fura da nono, ko ya sha ta a kan ƙosai da alale, yana iya ganin ba ta yi masa aiki sosai ba. Abin da likitoci ke shawarta shi ne a sha ta da ruwa kamar minti 30 kafin cin abinci, ko awa 1 bayansa. In tana tayar da zuciya, a haɗa da ɗan biskit ko guntun burodi. Ba a ce a bar nama da nono ba, domin masu wannan ciwo sukan rame, ramar kuwa ita ma cuta ce. Wanda abin ya dame shi ƙwarai, likita yana iya ce masa ya mayar da mafi yawan namansa da wakensa zuwa abincin dare. Maganin ƙarin jini shi ma yana tare hanyar lebodofa, sai a raba su da kamar awa 2.

Taurin ciki da yawa daga masu ciwon suna kuka da shi, kuma cikin da ya cushe yakan jinkirta aikin magani. Alhamdu lillahi, abin da ake bukata yana cikin kasuwanninmu: zogale, rama, alayyafo, kuɓewa, kabewa, gwanda, da tuwon dawa ko gero da ba a surfe shi ƙwarai ba, tare da shan ruwa a kai a kai. Ruwan yana da wani amfani kuma, don jinin masu wannan ciwo yakan faɗi in sun miƙe tsaye, su ji jiri, wani har ya faɗi. In haɗiya ta fara wuya, mutum yana ƙwarewa ko tari a kan abinci, a zaunar da shi sosai ya miƙe bayansa, a rage girman loma, a ba shi kunu mai ɗan kauri maimakon tsararo, kada kuma a sa shi magana yana ci. Abincin da ya ɓace hanya ya shiga huhu yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan ciwo.

Wani abin mamaki, ƙararar nan da muke gudu a daji saboda ƙaiƙayinta, 'ya'yanta suna ɗauke da lebodofa, kuma masu maganin gargajiya na Indiya sun daɗe suna aiki da su. Masana sun gwada ta, sun ga tana aiki. Amma yawan sinadarin yana bambanta daga wannan iri zuwa wancan, don haka wanda ya daka ya sha bai san awon da ya sha ba, in kuwa ya haɗa da na asibiti yana iya wuce kima. Kada a taɓa ta sai da sanin likita.

Motsa jiki kuwa ni a ganina shi ne wajen da muka fi kuskure, kuma tausayi ne ke jawo kuskuren. Da an ga Baba ya fara rawar hannu sai a ce ya zauna ya huta, a karɓe masa buta, a hana shi zuwa gona da kasuwa, a bar shi a ɗaki. Sannu a hankali sai ƙafafun su ƙi ɗaukarsa. Gaɓar da wannan ciwo ya kama, in an bar ta sai ta ƙara sanƙarewa. Masana suna shawartar aƙalla minti 150 a mako, watau kamar minti 30 a kwana 5, na tafiya da ɗan sauri har numfashi ya ɗaga, tare da miƙe gaɓoɓi, da tashi da zama daga kujera sau da dama, a lokacin da magani ke kan aikinsa. Ya riƙa taku manya da gangan, yana kaɗa hannuwa, domin ƙwaƙwalwarsa tana gaya masa takunsa daidai ne alhali ya gajarta. In ƙafa ta kafe a bakin ƙofa, kamar an liƙa ta da ƙasa, kada a ja shi. Ya tsaya, ya karkata nauyinsa zuwa ƙafa ɗaya, ya ƙirga ɗaya, biyu, ko a sa masa sanda a ƙasa ya tsallake. In zai juya, ya zaga da faɗi, kada ya juya a kan dunduniya. A kawar da gefen tabarma da ya naɗe, a sa fitila a hanyar bayan gida, a sauya masa silifa da takalmi mai kama dunduniya, babbar riga mai jan ƙasa kuma a ajiye ta sai ranar Idi. Murya ma gaɓa ce mai son aiki, kuma ban san abin da ya fi karatun Alƙur'ani da ɗaga murya kowace safiya ba, ana ba kowane harafi haƙƙinsa, ana cika madda.

Wannan ya kawo mu ga salla. Rawar jiki da mutum bai nufa ba ba ta ɓata salla, kome yawanta, kuma babu dalilin da zai sa mai ita ya ƙaurace wa jam'i don kunya, ko a hana shi shiga sahu. Ɗalibanmu sun sani a cikin Ahalari an jera halaye 7 na sallar farilla: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, sa'an nan kwanciya a gefen dama, da gefen hagu, da rigingine. Bin jerin huɗun farko wajibi ne, na ukun ƙarshe mustahabbi. Asalin wannan sauƙi hadisin Imrana ɗan Husaini ne, Allah ya yarda da shi, wanda ya kai kukan rashin lafiyarsa aka ba shi izinin yin salla gwargwadon ikonsa. To, mai iya tsayuwa ya tsaya, kuma hakan ya fi masa amfani ko ta fuskar jikinsa. Wanda kuwa yake tsoron faɗuwa in ya ɗago daga sujada, saboda jirin da muka ambata, ya ɗago a hankali, ya dafa, ko ya zauna. Halinsa yana iya bambanta a yini guda, ya yi Azahar a tsaye ya yi La'asar a zaune, kada wani ya ce wasa yake yi. Yana da damar ya jinkirta salla cikin lokacinta har magani ya kama jikinsa, yana kuma iya yin Azahar a ƙarshen zaɓaɓɓen lokacinta ya bi ta da La'asar a farkon nata. In hannu ya kasa riƙe buta, ya halatta wani ya zuba masa ruwa, ko ya yi masa alwalar shi kuma ya yi niyya. In fitsari yana zubo masa ba da ikonsa ba har ya kai rabin lokaci ko fiye, a mazhabarmu ta Malikiyya wannan ba ya warware alwala.

Azumi shi ne mas'alar da ta fi nauyi a zukatan dattawa. Yininmu a nan yakan kai awa 13 zuwa 14, ga mai shan magani duk bayan awa 4 kuwa wannan yanke magani ne, ga ƙishirwa mai ƙara faɗuwar jini, balle in watan ya faɗo a bazara. Wanda ciwonsa bai yi nisa ba ya je wurin likita tun cikin Sha'aban, don akwai nau'in ƙwayar da ke narkewa a hankali, wataƙila a iya tsara masa tsakanin buɗa-baki da sahur. In likita amintacce ya ce azumi zai cuce shi, to ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun ɗauke masa, kuma in ana tsoron halaka ko cuta mai tsanani, ajiye azumin ya zama wajibi. Tun da ciwo ne da ba a sa ran rabuwa da shi, babu ramuwa a kansa. Sai ya ciyar da miskini mudu ɗaya, mudun Annabi, a madadin kowane yini, wanda a wurin malamanmu na Malikiyya mustahabbi ne, a wurin waɗansu mazhabobi kuma wajibi.

Baƙin ciki da yanke ƙauna suna yawan zuwa tare da wannan ciwo, wani lokaci tun kafin rawar hannu, kuma daga canjin ƙwaƙwalwar suke, ba raunin imani ba ne. Suna da magani a asibiti, sai a faɗa wa likita. Masu zuwa gaisuwa kuma su sani hankalin mutumin yana nan ko da fuskarsa ba ta motsa ba. In an yi masa tambaya a saurara har ya amsa, kada a ƙarasa masa magana, kada kuma a juya ga ɗansa ana tambayar yaya jikin nasa alhali ga shi zaune.